Rigunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Na kai kakata Tsuruko gidan sinima a Honolulu
ranar Talata, ranar da tsofaffi ke biyan rabi.
Ta ƙi gugguru, wai haƙoran roba ba sa son fitina.
Ta ɗora jaka a cinya
kamar mai jiran bas.

Aka kashe fitila.
Teku ya cika bango, shuɗi kamar an tsoma shi a baba,
jiragen yaƙi jere a tasha kamar shanu a turke,
samari cikin fararen kaya suna ta dariya,
babu mai mura, babu mai giɓi.

"Ƙarya," in ji ta, ko rage murya ba ta yi ba.
"Safiyar nan akwai gajimare a kan dutse.
Kayan nan kuwa na san su,
ba sa yin fari haka sai sun bi ta hannun uwata."

Shekararta tara a lokacin.
Uwarta ke wa sojojin ruwa wanki,
riga sent goma, har sitaci da guga.
Lahadi ce. Tana miƙo jiƙaƙƙu daga bokiti, uwar na shanyawa,
sai ga jirage ƙasa-ƙasa,
har ta hango kan mutum a cikin gilashi.
Ta ɗaga masa hannu.
Wannan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba
sai ni, yau, cikin duhu,
idonta na kan allo.

Bama-bamai na sauka da kiɗa, goge da ganguna.
"Babu kiɗa," ta ce. "Kaji ne suka haukace.
Karenmu ya shige ƙarƙashin gida, kwana biyu bai fito ba.
Wari fa, ɗan nan? Ina warin?
Baƙin mai na ci a kan ruwa,
wata guda muna jin sa a shinkafa.
Wanda bai shaƙa ba, labari aka ba shi."

Wani a baya ya ce a yi shiru.
Ta juya ta dube shi.
Ya mai da kai cikin guggurunsa.

Sai aka nuno matuƙan kusa-kusa,
fuska irin ta kawu Shigeo, irin tawa.
Na ji kujera ta yi mini kaɗan.
A daren ne aka zo aka tafi da ubanta, masunci,
laifinsa kwalekwale da rediyo.
Ya fita da silifa, ya ce a rufe masa shayinsa.
Shekara huɗu shayin na hucewa.
Fim bai da lokacin wannan,
jarumi na can asibiti yana neman budurwarsa
da ɗan jini a goshi, daidai inda zai yi masa kyau.

Aka ɗaga tuta, aka yi tafi, jama'a suka watse.
Ita ta zauna tana bin sunaye suna hawa sama.
"Kaka, na 'yan wasa ne."
"Na sani. Dubawa dai nake."
"Wa kike nema?"
"Bascom. Da baƙar tawada a wuyan riga.
Jan gashi, kunnuwa kamar hannun kofi,
kullum sai ya kawo mini alewa ta narke a aljihu.
Asabar ya kawo riguna uku, ya ce sai Litinin.
Uwata ta goge, ta naɗe a takarda.
Litinin ta zo ita kaɗai."

A waje rana ta mare mu.
Baƙi na layin shiga jirgin yawon buɗe ido,
suna shafa mai a kafaɗa.
Ta kama hannuna muka tsallaka titi.

Rigunan na nan a ƙasan akwatinta,
sun koma kalar shayi da madara.
Ba ta maganar sent talatin ɗin.
Ta dai ce in ta mutu kada in yi kyauta da su,
kayan mutane ne.